Filin Tsere Ya Koma Kasuwa

A Kalifoniya ta Amurka an yi wani filin tseren motoci, Riverside, da aka buɗe a 1957. Shekara talatin da 'yan kai injuna na ruri, ƙura na tashi, sai aka rufe shi a 1989. Me ya gaje shi? Gidaje da rukunin kantuna, Moreno Valley Mall.

Tsofaffin 'yan kallo har yau ba su huce ba. Sai ka ga dattijo yana nuna wa jikansa inda wata muguwar kwanar filin take a da, jikan kuwa idonsa na kan askirim. Tsere dai ba a daina ba: mota biyu, gurbin fakin ɗaya, kowa na tafiyar hawainiya yana danna ham.