Masuntan da Ba Sa Cin Kifi

Ranar da na kira kawuna a Yawuri na ba shi labarin abin da idona ya gani a bakin wani tafki a Ingila, shiru ya yi har na zaci layin ya yanke. Mutum ne da ya yi furfura a cikin kwalekwale, ya san tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa kamar yadda ya san 'ya'yansa. Na ce masa, "Kawu, a nan mutum zai kwana uku a bakin ruwa cikin sanyi, ya kama kifi kamar ɗan rago, ya auna shi, ya rungume shi a yi masa hoto, ya shafa masa magani a baki, sannan ya mayar da shi ruwa." Can sai na ji ya yi gyaran murya. "Su nawa ne masu wannan lalurar?" Na ce dubbai ne. Ya ce, "Kuma hukuma ta bar su suna yawo cikin mutane?"

Ba barin su kawai ta yi ba, lasisi ma take sayar musu. Kifin da suke wa wannan hidima shi ne kaf, wani ƙato mai kauri da 'yan gemu a gefen baki, mai kiwo a ƙasan ruwa yana zuƙar laka yana furzarwa. Yana daɗewa a duniya, ga shi da wayo, wanda kuwa aka taɓa kamawa sau ɗaya ya zama ɗan gari. Kifi na ganinka mai jar koma, in ji Bahaushe, to kamar don kaf aka yi maganar. Wani maƙwabcina Bature ne ya ja ni tafkin, na bi shi sau da dama, kuma tun da ban iya komai ba sai na koma kallon masuntan. Su ma iri-iri ne kamar kifin.

Wanda ido ke fara faɗawa a kansa shi ne Sarkin Kaya. Ba ya isowa sai da baro, an yi masa lodi kamar za a kai amarya: tanti, gadon naɗewa, bargo, risho, buta, kujera, bokitai, da wata doguwar jaka da za ka rantse gawa ce a ciki. Sandunan fatsarsa uku ne, kowace ƙafa 12, kamfani ɗaya, launi ɗaya. Zai jera su a kan wani ƙarfe mai ƙafafu, ya ɗora kowace a kan 'yar ƙararrawar batir da ke ƙara idan an ja zare, sannan ya ja da baya ya ƙanƙance ido yana duba ko bakunan sun daidaita. Hannuwan kwarkwaron naɗe zaren ma sai sun kalli gefe guda. Komai nasa kore ne irin na kayan soja, har kofin shayi da makunnin sigari, wai don kada kifi ya gan shi, alhali kifin na can nesa fiye da taku ɗari, a ƙarƙashin ruwa mai duhu, cikin dare. Na taɓa ganin wani ya yar da wayarsa mai irin wannan riga a cikin ciyawa, muka yi rabin sa'a muna lalube. Kifi dai bai gan ta ba, mu ma haka.

Amma Sarkin Kaya ɗan kallo ne idan aka kwatanta shi da Malamin Ƙulli. Wannan ba ya ɗaga kai. Kullum yana sunkuye a kan wani akwati mai ɗakuna-ɗakuna, cike da ƙugiyoyi da zobba da 'yan robobi ƙanana kamar ƙwayar gero. Idan ka yi masa sallama ka shiga uku, don sai ya karanta maka babin daga farko. Kuma gaskiya babin yana da daɗi. Matsalar da kaf ya daɗe yana ba su ita ce ba ya haɗiyar abinci kai tsaye. Zuƙa yake yi ya ɗanɗana, in ya ji ƙarfe ko taurin zare ya tofar kafin masunci ya farga. A ƙarshen shekarun 1970 wasu mutum biyu, Len Middleton da Kevin Maddocks, suka zuba wa kifin ido a cikin tankin gilashi, suka fito da dabarar da ta sauya sana'ar: kada a soka abincin a jikin ƙugiya sam. A bar ƙugiyar tsirara, a rataya abincin a ƙasanta da wani siririn zare. Kifi ya zuƙi abincin, ƙugiya ta biyo baya, in ya zo tofarwa sai ta kama leɓen ƙasa. Da gashin kan mutum suka fara gwadawa, shi ya sa har yau ake kiran abin ɗaurin gashi. Sai kuma a haɗa da dalma mai ɗan nauyi, ta yadda in kifin ya firgita ya zabura, nauyin dalmar ne zai kafa masa ƙugiyar, masunci na can yana minshari.

To, a kan wannan dabara guda Malamin Ƙulli ya gina mazhabobi. Akwai ɗaurin da ake yi don ƙasa mai laka, akwai na ƙasa mai tsakuwa, akwai na cikin gansakuka, akwai wanda abincin ke tashi sama kaɗan ya tsaya kamar an dasa shi, akwai wanda ake rataye guntun soso baƙi a tsakiyar ruwa, kuma kifin ya zo ya ci, Allah Shi ya san dalili. Ƙullin da suka fi ji da shi sunansa ƙullin da ba ƙulli. Lambar ƙugiya kuma a juye take, mai lamba 4 ta fi mai lamba 8 girma. Zai ɗauko sabuwar ƙugiya fil daga takarda, ya sa gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo, ya kama wasa ta da ɗan magagari, don a ganinsa kamfanin bai san aikinsa ba. Sannan ya ja ɗaurin a tafin hannunsa ya ga ko ƙugiyar za ta juya ta cije. Tafin hannun duk tabo ne. A ƙididdigata ya kama kansa ya fi sau ɗari, kifi kuwa ban gani ba tukuna.

Kusa da shi, in iska ta kaɗo, hancinka zai sanar da kai ka iso wurin Boka. Shi imaninsa ba a ƙarfe yake ba, a haɗi yake. Abincin ƙugiyar da ya mamaye harkar wani ɗan dunƙule ne kamar ƙaramar fura, suna ce masa boili. Ana kwaɓa garin alkama da na waken suya da garin kifi da ƙwai, a mulmula, a jefa a tafasasshen ruwa minti ɗaya ko biyu don bayan ya yi tauri, ƙananan kifaye su kasa tsattsaga shi. Wani mai suna Fred Wilton ne ya yaɗa ra'ayin cewa kifi na gane abinci mai gina jiki kuma zai riƙa neman sa. Ana sayar da boili a shago buhu-buhu, amma Boka ba ya yarda da na shago. A ɗakin girkin matarsa yake haɗawa, a tukunyarta, da ludayinta. Ƙamshin abarba, na ayaba, na tafarnuwa, na hanta, na wani abin teku da ya kwana biyu da rasuwa. Maƙwabcina ya ce akwai aure da dama da wannan warin ya kai gaban alƙali.

A hannun Boka na ga abin da ya sosa min rai. Ya buɗe wani bokiti da alfahari ya ce ga sirrin da kaf ba ya iya wucewa. Na leƙa. Aya ce. Ayarmu dai, wadda yara ke tallanta a faranti, wadda ake mana kununta da dabino da kwakwa lokacin zafi. Sun jiƙa ta kwana guda, sun dafa ta rabin sa'a, sun bar ta ta yi yauƙi, za su zuba wa kifi. Na ɗebi uku na jefa a baki, mutumin ya zaro ido kamar na sha fiya-fiya. Jiƙawa da dafawar nan kuwa doka ce a wurinsu, don sun ce ɗanya na cutar da kifin, tafkuna da yawa ma sun haramta ta ɗungurungum. A 2009 wata shahararriyar kifanya mai suna Benson ta mutu a wani tafki kusa da Peterborough. Ta kai laba 64, wato wajen kilo 29, kuma an kama ta sau 63 a rayuwarta ana saki. Aka yi zargin ɗanyen abinci irin wannan ne ajalinta. Jaridun ƙasar suka buga labarin da hotonta. Akwai attajirai da suka mutu a makon ba a san an yi ba.

Eh, kifayen suna da suna. Ana sanin kowanne da tsarin ɓawon jikinsa, ana sanin nauyinsa na bara da na bana, da wanda ya kama shi da ranar. Wannan ya haifar da Mai Farautar Kifi Ɗaya, wanda zai shekara uku yana zarya tafki guda don wata takamaimiyar tsohuwa. In wata ta faɗa ƙugiyarsa, ko ta fi girma, sai ya saki yana tsaki kamar wanda aka kawo wa amaryar da ba ita ya nema ba.

Mai Sirri ba ya da wahalar ganewa, shi ne wanda ke rufe bokiti da ƙafa in ya hango ka. Ka tambaye shi ko an samu, ya ce shiru ne, alhali ragarsa a jiƙe take sharkaf tana ɗiga. In ya sa hoto a Facebook sai ya goge itatuwan da ke bayansa don kada a gane gaɓar. Mai Jirgi kuma ya gaji da jifa, ya sayi ɗan kwalekwalen wasan yara mai rimot, wanda kuɗinsa zai sayi babur, ya zuba masa abinci da ƙugiya ya tura tsakiyar ruwa ya juye. Wani jirgin har da na'urar da ke nuna masa zurfi da kifin a fuskar waya. Sauran masunta na yi masa kallon wanda ya shiga kokawa da bindiga.

Wanda ya fi kowa tsanar Mai Jirgi shi ne Dattijon Jiya. Sandarsa ta gora ce, hularsa ta tsufa, abincin ƙugiyarsa ɓawon burodi ne ko masarar gwangwani. Ba tanti, ba ƙararrawa, yana sanɗa a bakin ruwa kamar mai neman zomo. Ƙiblarsa wani ɗan ƙaramin tafki ne mai suna Redmire, inda Richard Walker ya kama kaf mai laba 44 da burodi a watan Satumba na 1952, aka ɗauke ta da ranta zuwa gidan namun daji na Landan, duniya ta san ta da Clarissa. A tafkin dai, a 1980, Chris Yates ya kama mai laba 51 da rabi, da masara da sandar gora. Dattijo zai ba ka labaran nan biyu kamar da shi aka yi, ya ƙare da cewa tun da aka shigo da batir su ya lalace. Abin da ba ya so a tuna masa shi ne Walker ɗin nan nasa yana cikin waɗanda suka fara ƙera ƙararrawar lantarkin. Ni dai ina ƙaunar Dattijo, don shi kaɗai ne a cikinsu ke kallon ruwa fiye da kallon kaya, kuma sau biyu na ga ya ciro kifi daga gindin ciyawa, taku biyar daga tantin Sarkin Kaya, wanda ya wurga nasa can ƙetare.

Sai Ɗan Gudun Hijira. Wannan na daɗe ban gane shi ba. Zai iso Juma'a da yamma, ya kafa tanti, ya jefa ƙugiya inda ta ga dama ta faɗa, ya soya ƙwai, ya shige bargo. Ba ya canja abinci, ba ya duba ƙulli. Wata safiya ƙararrawarsa ta ɗauki kuka, ya fito ba takalmi, fuska a murtuke, ya jawo kifin kamar mai biyan bashi, ya sake shi ko aunawa bai yi ba, ya koma ya kwanta. Daga baya na ji ashe surukarsa ce ke zuwa musu duk ƙarshen mako.

Kowane irinsu, da zarar kifi ya fito, sai ya rikiɗe ya zama ungozoma. Akwai katifa ta musamman da ake kwantar da shi a kai, a jiƙa ta tukuna. A riƙa yayyafa masa ruwa. Ba a miƙewa tsaye da shi a hannu, a durƙushe ake hoto don kada ya suɓuce ya ji ciwo. A ɗiga masa magani a inda ƙugiya ta huda. Tafkuna da yawa ba su yarda da ƙugiya mai ƙaya ba. A shiga da shi ruwa a tallafe har ya dawo hayyacinsa ya kaɗa wutsiya. Na tuna Argungu, inda tun 1934 ake rububin faɗawa kogin Matan Fada da homa da gora, wanda ya fito da giwan ruwa mafi girma ya sha kyauta, kifin kuma ba mai tambayar lafiyarsa. Ba ma sai an je nesa ba, a ƙasar Folan kaf ɗin nan shi ne abincin daren jajiberin Kirsimeti, da can har a bahon wanka ake ajiye shi da rai kafin ranar.

Akwai iri na ƙarshe, wanda ba ya da sanda ko tanti, ana zuwa da shi ne don ya riƙe fitila. Daren da maƙwabcina ya kama mai laba 28, ni na riƙe. Kifin na kwance a katifa yana sheƙi, gadon bayansa ya fi cinyata kauri, mutum huɗu sun kewaye shi a durƙushe suna magana ƙasa-ƙasa kamar a ɗakin mai jego. Ni kuwa lissafi nake: kan a yi farfesu da attaruhu da citta, tsakiyar a soya, jelar a banda. Ban san bakina ya motsa ba sai da na ji muryata tana tambaya ko a motar akwai babbar leda.

Boka ya sa hannu biyu ya rufe wa kifin ido. Maƙwabcina ya karɓe fitilar daga hannuna ya miƙa wa wani. Mako na gaba da na ji yana loda baro a mota da asuba, na leƙa ta taga na ɗaga masa hannu, shi ma ya ɗaga min, ya ja motarsa.