Neman Alƙibla a Tsakiyar Bahar Rum

Daga cikin al'adun manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa, waɗanda ke ɗaukar dubban mutane su yi ta kewaya Bahar Rum da su, akwai wata rana da suke ware wa teku ita kaɗai, ba a yada zango a kowace tasha, ba a sauka kallon kowane birni, sai ci da sha da kwanciya tun fitowar rana har faɗuwarta. Tamu ta same mu ne tsakanin Basalona da Nafoli. Tun da hantsi Turawa suka hau bene na ƙarshe, suka shafe jikinsu da mai, suka jeru a rana kamar kilishin da aka shanya, kowa ya kafa tawul a kan kujerarsa don kada wani ya gaje ta idan ya tafi ƙarin abinci.

Ni kuwa, da yake ɗakin da 'ya'yana suka kama mini a cikin cikin jirgin yake, ba taga balle a ga gabas, sai lamarin alƙibla ya zame mini aikin yini. Na ɗauko wayata, amma saboda yawan ƙarfen da aka ƙera jirgin da shi, allurar da ke nuna alƙibla a cikinta ta dinga juyi, ta nuna Makka a banɗaki, jim kaɗan ta mayar da ita ƙarƙashin gado. Yaron da ke gyara ɗakin, wani Musulmi mutumin Indunusiya mai ladabi, ya ce, "Alhaji, ka kunna talabijin, akwai tashar da ke nuna inda jirgi ya dosa." Na ce, "Allah ya yi maka albarka, yaro." Sai dai taswirar ta nuna mini inda jirgi ya dosa, ba ta nuna mini inda ni na dosa ba.

Da la'asar ta yi na saɓa darduma, na hau can bayan jirgi inda babu jama'a, da niyyar in kafa hujja da rana in yi raka'o'ina biyu na ƙasaru. Ashe a daidai wannan sa'a ne muka shiga mashigin Bonifasiyo, wanda ya raba tsibirin Kosika na Faransa da Sardiniya ta Italiya, wuri mai ƙunci da duwatsu, faɗinsa bai wuce kilomita 11 ba, inda tilas matuƙi ya yi ta karkata akalar jirgi. To, malamanmu na Malikiyya sun yi bayani cewa mai salla a jirgin ruwa yana juyawa ne zuwa alƙibla duk sa'ad da jirgin ya juya, muddin hakan ya yiwu. Ban taɓa zaton mas'alar da muka karanta a zaure muna gyangyaɗi za ta biyo ni har nan ba.

Kafin in tayar da kabbara, na miƙe hannu ɗaya wajen rana, ɗaya wajen inuwata, na juya sannu a hankali, na sunkuya na gyara darduma, jirgi ya karkata, na sake miƙewa na sake juyawa. Ina waiwayawa sai ga wasu tsofaffin Turawa a bayana, kowa da 'yar tabarmarsa ta roba, hannuwa a miƙe, suna bin duk abin da na yi cikin natsuwa da khushu'in da ban cika gani ba ko a sahun farko. Sun ɗauka ni ne malamin motsa jikin da aka rubuta a takardar shirye-shiryen yini.

Suka jira har na idar, sannan wani dattijo mai jan wuya ya matso, ya yaba da darasin, ya tambayi ƙarfe nawa za a yi na gobe, ya danƙa mini Yuro biyar. Na kai mas'alar kuɗin nan gaban malamai biyu bayan dawowata: ɗaya ya ce kyauta ce, halal, ɗayan ya ce in kawo ya duba su tukuna.