Masu Kallon Ganye

A ƙasar Zuru, tun kaka da kakanni, ganye hanya uku gare shi: ko ya shiga tukunya, ko ya shiga bakin akuya, ko tsintsiya ta raka shi juji. Yanzu 'ya'yanmu da suka ga duniya sun zo mana da ta huɗu, wai kallo.

Abin daga Amurka suka kwaso shi. A jihohin bakin teku na arewa maso gabashin ƙasar, irin su Massachusetts da Maine, da zarar Oktoba ta kama, yini ya fara gajarta, sanyi ya kunno kai, sai koren ganye ya janye, ja da rawaya da ruwan goro su bayyana kafin ganyen ya zube. Turawa sukan cika motoci, su kama ɗakin otal mai tsada, su je su zuba wa bishiya ido. Su dai ba a ga laifinsu ba. Wanda zai yi watanni ƙanƙara na rufe masa ƙofa, dole ya yi wa ganye ban kwana.

Namu ne abin tambaya. Wani ɗan garinmu da ke aiki a Abuja ya tara kuɗin da zai isa a yi wa gidansu rufin kwano, ya nemi biza, ya tafi. Kullum sai ya turo hoto a zauren WhatsApp na dangi, ya naɗe wuya da mayafi, ya tsaya cikin busasshen ganye yana murmushi. Aka kai wa mahaifiyarsa wayar, ta daɗe tana dubawa, sannan ta sa aka kira shi.

"Wannan ganyen ana miya da shi?"

"A'a Inna, kallonsa ake yi."

"To akuya fa, tana ci?"

"Inna, ai babu akuya a nan."

"Allah sarki. To ka taya su sharewa kafin ka taho, kada a ce ba ka da tarbiyya."

Daga ganye ya wuce wajen tarihi. A garin Plymouth akwai wani dutse da aka sassaƙa wa 1620 a jiki, shekarar da Turawan jirgin Mayflower suka sauka a can daga Ingila. An gina masa rumfa mai ginshiƙai, an kewaye shi da ƙarfe. Girmansa bai wuce falalen da mata ke shanya kuɓewa a kai ba. Mutuminmu ya bi layi, ya leƙa, ya rubuta cewa jikinsa ya yi sanyi. Shi ne kuwa aka haifa a gindin duwatsun da kakanninsa Lelna suka zauna a kansu don kare kai daga mahara, kuma rabonsa da hawa ko ɗaya tun yana firamare, lokacin da ake aikensa neman itace.

Waɗanda biza ta gagara sukan nufi Legas. Badagry wuri ne da ya cancanci ziyara: akwai benen da 'yan mishan suka kammala a 1845, wanda ake kira bene na farko a Najeriya, akwai kuma gaɓar Gberefu inda a da ake tasa ƙeyar bayi zuwa jirgin da ba a dawowa. Amma duba hotunan da ake dawowa da su. Fuska ce ta cika ko'ina, benen kuwa sai dai ka hango kusurwar tagarsa a bayan kunne. Ka tambayi mai ziyara wa ya gina, sai ya ce, "Kai, ranka ya daɗe, wurin nan akwai zafi, kuma kifinsu da tsada." Tsarabarsa gorar ruwan teku, wadda za ta zauna a bayan kabad har yara su ɗauka su kai wa mai manja.

Shi mutuminmu na Amurka bai taɓa zuwa Girmache da ke nan ƙasar Zuru ya ga kadoji ba. Bikin Uhola kuwa, in an yi, sai ya ce ƙura ta yi yawa. Gidan tarihin Kanta da ke Argungu, cikin jiharsa ta Kebbi, ya yi masa nisa, amma Boston kusa ce. Tukwanen da matan Lelna ke ginawa a ɗora kan kaburbura sun kai har gidajen tarihin Turai, suna can cikin gilashi. Ran da ya ci karo da ɗaya a Landan zai tsaya ya yi hoto da ita, ya rubuta "asalina abin alfaharina". A gida, in ya gan ta, sai ya ce kayan ƙauye.

In ma ganyen ne, wa ya fi mu? Kaka na yi, dawa ta nuna, ciyawa ta koma ruwan zinariya, kuka ta tuɓe tsaf, hunturu ya kawo hazonsa kyauta. Muna kuma da gawo, bishiyar da ke zubar da ganye da damina ta yi kore shar da rani. Da a Maine take, da tuni an buga ta a jikin riga. Ga Jami'ar Noma ta Tarayya da aka kafa a Zuru a 2020, masu bayani ba za su yi wuya ba.

Matsalar ɗaya ce: namu kyauta ne, kuma ɗan boko ba ya ganin darajar abin da bai sha wuya a kansa ba. Don haka ga shawara ga masu faɗa a ji. A kafa shinge a hanyar shigowa daga Kontagora. Duk ɗan gari mai son kallon kuka ya cike fom, ya kawo takardar banki, ya biya da dala, ya jira wata uku. A hana rabinsu ba tare da dalili ba, don sauran su samu abin yin fankama. Wanda ya tsallake, a ba shi lauje a kai shi gona, a ce masa wannan shi ne babban tikiti, wanda ake taɓa ganyen da hannu. In ya jure shekara bakwai yana dawowa, ya cika golmo ke nan, wato noman neman aure, sai dattawa su zauna a duba masa maganar aure.