Ramin Alli

Wannan makon ma an sake turo shi a guruf ɗin dangi: Baturen nan na Ingila, Julian Beever, durƙushe a gefen titi yana zana rami da alli. A ƙasa an rubuta, "Ikon Allah! Tura wa mutum goma." Kawu ya turo, Goggo ta sake turowa, wani ƙanenmu da ko gaisuwar Sallah ba ya amsawa ya jero hotunan tafi. Datata kuwa sai dai mu ce Allah ya jiƙan rai.

Ramin ƙarya ne fa, jama'a. Sai ka tsaya a wuri guda ka leƙa ta kyamara sannan yake zurfi. Ka ɗan matsa gefe, wani dogon shirme za ka gani shimfiɗe a ƙasa. Ruwan sama ya sauko, shi ke nan.

To mu masu na gaske fa? Ramin bakin layinmu ba ruwansa da kyamara. Ta gabas rami ne, ta yamma rami ne, da daddare ma ya fi fitowa. Damina ba ta goge shi, ƙara masa ɗaki take yi. Da shi ake kwatance: "In ka zo ramin, ka yi dama." An dasa masa tsohuwar taya da reshen darbejiya, reshen har ya fara toho. Ɗan takara ya tsaya a bakinsa ya ɗauki hoto, ya ci zaɓe, ya sake layi. Ranar da wata 'yar talla ta faɗa ciki da farantin gyaɗarta ta karye, ban ga wanda ya tura wa mutum goma ba.

A ƙauyen Grazie na Italiya, tun 1973 ake gasar masu alli duk tsakiyar Agusta, su kwana suna zane a ƙasa. Da ana adalci da an gayyato namu masu gawayi. Akwai gwanin da ya rubuta "Ba a fitsari a nan, tara dubu biyar" a katangar maƙwabcinmu, tsakanin lambar mai yasar masai da ta mai maganin basir. Wa ke karɓar tarar? Ana ba da rasit? Bana an goge biyar an mayar goma, wai komai ya tashi. Masu tsugunawa dai ba su ragu ba, sun koma daidai ƙarƙashin "tara", don nan ne inuwa take.