Wa Zai Ƙirga Wadda Ba Ta Zo Ba?

Arawa, ku aje kofin shayin nan ku saurari ubangidanku Bafillace. Na san ba ku so, amma haƙƙin wasa ne, sai haƙuri.

Kwanan baya na zauna wata fada a Kiyeshe, na ce da ma a samu 'ya'yan garin nan biyar ko shida a koya musu binciken manufofin kiwon lafiya, su iya gano wa tsarin gwamnati ke amfana, wa kuma yake tsallakewa. Ban rufe baki ba aka tuntsire da dariya. Wani dattijo ya ce, "Ɗan Fulani, ai wannan aikin masu farar mota ne. Su zo da takardu, su tambaye ka kaji nawa gare ka, su sha ruwan gora, su koma Yamai su ci kuɗin zama." Na kusa da shi ya karɓe: "Magani ne babu a likita. Wannan ma sai an yi bincike? Jakina ya sani."

To, Baba, a gaishe da jakin. Amma bari in tambaye shi abu guda: tsakanin matan da ke maƙwabtaka da gidan likita da na tungayen da ke bayan dutse, su wa suka fi rasa ɗa kafin yaye, kuma da nawa? Jaki ya yi shiru. Ku ma kun yi.

Kuna cewa takarda ba ta taɓa canza komai ba. Ku leƙa Boboye, nan cikin jaharku ta Doso, ba sai kun hau jirgi ba. A 1993 aka gwada hanyoyi biyu na biyan kuɗin magani. A gundumar Say, marar lafiya ne ke biya duk lokacin da ciwo ya kai shi likita. A Boboye kuwa aka ɗora ɗan ƙari kan harajin shekara, kowa ya sa hannu, sannan wanda ciwo ya kama ya biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Illela aka bar ta yadda take, don a samu abin gwadawa. Da aka zauna lissafi, ba jimilla kaɗai aka duba ba, sai da aka rarrabe: mata daban, yara daban, talakawa daban. Nan aka ga tsarin Boboye ya fi kai waɗannan ukun gaban likita. Abin da ya bazu a ƙasa daga baya shi ne biya a bakin taga. Za ku ce, "Ka gani! Ga binciken, ga kwandon shara." Ni kuwa cewa nake, ranar da aka yanke shawarar, mutum nawa daga Arewa ke zaune da takardar a hannu, ya iya karanta ta, ya buga tebur? Ba a yi wa mutum aski ba ya nan, amma ku an yi muku, har kuna yaba wanzamin.

Sai zancen kyauta, wanda kuka fi so. Zamanin Tanja Mamadu, a 2005 aka ce fiɗar haihuwa kyauta ce, a 2006 aka haɗa da awon ciki da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Ga kuma ɗakunan shan magani na karkara wajen 2,000 da aka gina a shirinsa na musamman. Ba na raina wannan, kuma kada wanda ya raina a gabana: wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2012 ya nuna mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar ta sauko daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Rayuka ne, ba tatsuniya ba.

Amma kyautar, gwamnati ce za ta biya gidan likita daga baya. Majo, wato shugaban gidan likita, ya ba da magani, ya cika takardu, ya aika sama, ya jira. Wata ya wuce, shekara ta wuce, bashi ya taru, kantar magani ta bushe, uwa ta fito da takardar saye a hannu maimakon sirop. Wannan duka kun sani, na yarda. Sai dai saninku a fada ya tsaya, shayi na ƙarewa ya watse. Masu binciken LASDEL, cibiyar da aka kafa a Yamai a 2001, irin su Aïssa Diarra da Jean-Pierre Olivier de Sardan, su suka bi gidajen likita, suka zauna kan benci tare da masu jira, suka rubuta yadda abin ke gudana a zahiri, har ya zama littafi a 2014 kan Nijar da Mali da Burkina Faso. Gunaguni ya koma hujja. Minista na iya share gunaguni, hujja kuwa sai ya nemo amsa, ko da ta kame-kame ce.

Yanzu ga abin da nake so yaranku su koya, kuma ba boka ba malam. Ku shiga kowane gidan likita ku roƙi majo ya buɗe muku babban rajistan nan mai lanƙwasassun kusurwoyi. Kowane layi mutum guda: shekarunsa, garinsu, ciwonsa. Yarinya mai takardar birwe za ta iya zama da fensiri ta ware na kusa da na nesa. Hukuma da kanta da kilomita biyar take auna wanda ke kusa da likita, kuma wajen rabin 'yan ƙasar nan suna bayan wannan da'irar. In yarinyar ta gama, ta ɗauko ƙidayar 2012, ta ga yawan mutanen kowane gari, sai giɓi ya fito fili kamar haƙorin tsohuwa. Rajista na ƙirga wadda ta zo. Wadda naƙuda ta kama da daddare, damina ta cinye hanya, maigida ya tafi cin rani, amalanke na maƙwabci ne, ba ta da layi a littafin kowa.

Ita ce sai an bi ta gida. Nan ne kuma ɗan farar mota ke faɗuwa jarrabawa, domin da ya tambaya za ta ce, "Lafiya lau, mun gode." Wa zai buɗe cikinsa ga baƙo? 'Yar gari ce ta san cewa "ba a ba ni izini ba" wani lokaci na nufin "babu ko dala a gidan". Ita za a koya wa yadda ake tambaya ba tare da an cusa wa mutum amsa a baki ba, da yadda ake ɓoye sunan mai magana, da yadda ake rubuta shafi biyu da mahukuntan gari za su karanta kafin zaman kasafin kuɗi. Wanda ya nuna ƙwazo ya wuce Jami'ar Abdu Mumuni. Ba na ce kowa ya zama dakta ba. Ku Arawa in aka ba ku wannan laƙabin, wa zai iya da ku?

Akwai inda kuka fi ni gaskiya, zan faɗa ko da za ku yi ta yi mini gori har kaka. Horon kwana uku a otel, da jaka da biro da ambulan, bai taɓa haifar da mai bincike ba. Sai an ɗauki shekara ana bin yaro, ya rubuta, a ja masa jan biro, ya sake. Kuma wanda ya zo ya yi tambaya ya tafi, bai dawo ya faɗa wa gari abin da ya gano ba, ku hana shi tabarma a zuwa na gaba. Ni zan taya ku naɗe ta.

Da na tashi tafiya dattijon nan ya riƙo hannun rigata ya ce, "To in an fara ƙirgar, har da rugagenku za a shiga?" Na ce da su za a fara, Baba, don sun fi tungarku nisa da likita. Ya ce, "Ashe dai kanka kake wa yaƙi, ɗan nema!" Ya juya ya ƙwala wa jikarsa kira, wai ta zo in ga takardar birwenta.