Fegin harawa da laujen 'yan unguwarmu

Mu a unguwar nan, da zarar an ɗaure rago a turke, to lauje ya daina hutawa. Kusan kowa na da ɗan fegi a bayan gari da ya ware don dabba, kuma halinmu ɗaya: mu zuba iri biyu ko uku a kunya guda. Ga kanannado, ga waken zamani mai tsayuwa tsaye irin wanda cibiyar binciken noma ta IITA a Kano ke fitarwa, wani ma ya ƙara lablab da ya samo ta wajen Shika. Kafin damina ta yi nisa sai ka ji a majalisa ana cewa, "Malam, irin nan na zamani ba shi da ƙarko, duk ya ɓace."

Sai in ce wa mai maganar, "Baba, kwana nawa kake bari tsakanin yanka da yanka?"

"Ina fa bari! In rago ya yi kuka ai sai yaro ya ɗauki lauje."

To a nan take. Wake mai tsayuwa kansa a sama yake, can tohonsa yake, can furensa zai fito. Lauje ɗaya ya kwashe duka, sai kara. Shi an yi shi ne ya nuna cikin kwana 60 zuwa 70 ya ba da ƙwaya, ba don a yi ta aske shi ba. Kanannado kuwa kwance yake, ya bi ƙasa da yaɗo, laujen ya wuce ta samansa ya bar gaɓoɓi da ganye. Ba ya ma gaggawar fure sai yini ya gajarta wajen Oktoba, don haka ƙarfinsa duk a ganye yake tafiya. Ka yanka bayan mako biyu, ka sake, ka ga ya rufe gurbin maƙwabcinsa.

Abin da ke damuna shi ne ba ma tuna saiwa. Duk tohon da ya biyo bayan yanka, da ajiyar saiwa ake yinsa. In ba a bari ganye ya mayar da abin da aka ara ba, kowane toho sai ya fi na baya rauni.

Masu haƙuri ma nasu ya same su ta wata fuska. Ka bar fegi wata biyu ba lauje, lablab, musamman irin Rongai mai farin fure, ya hau kan kowa ya yi masa rumfa, kanannado ya yi rawaya a ƙarƙashi. Amma shi ma lablab ɗin ka sare shi dab da ƙasa, da ƙyar ya dawo. Yana so a bar masa kamar santimita 30 da ɗan ganye.

Bana dai wasunmu sun raba kunya: kanannado gefe don yankan yau da gobe, mai tsayuwa gefe har a tsinke ƙwaya a ɗaure harawarsa dami, lablab can jikin shinge inda zai hau ba ya danne kowa.