Taurari Biyu da Buri Ɗaya

Ni malamin lissafi ne a wata firamare cikin birnin Kano. Sau da rabawa na sani, kuma tun da nake ban taɓa taka rawa a gaban jama'a ba. Abin da ya ja mini wannan wahala bakina ne. An tura ni bita ta kwana uku, na ci shinkafa, na karɓi alawus, na dawo na cika ofis da labarin sabuwar dabarar da aka koya mana: yara su riƙa duba aikin junansu da kansu. Yaro zai faɗi abu biyu masu kyau da ɗan'uwansa ya yi, su ne taurari biyu, sannan ya faɗi abu ɗaya da yake son a gyara, shi ne buri.

Hedimasta ya saurare ni har na kai aya. Ya ce, "Madalla, Malam. Ga 27 ga Mayu ta matso, Ranar Yara. Kai za ka shirya mana 'yan aji huɗu su yi rawar gargajiya. Sai ka gwada dabarar taka a can."

Saura mako uku.

'Yan matan ba su ba ni wuya ba. Na ce su yi gaɗa, kafin in rufe baki sun yi da'ira, tafi ya kankama. Mai bayarwa tana bayarwa, sauran suna amshi, wannan ta faɗo ta baya a cafe ta a cilla. Wadda ta saɓa tafi kuwa harara ɗaya ta ishe ta. Na tsaya da littafin bitata a hannu kamar ɗan rakiya. Babu wanda ya kai su bita, amma gyaran juna sun gama shi tun a dandali.

Maza na zaɓa wa Koroso, saboda na taɓa ganin 'yan Koroso suna wasa a Gidan Ɗan Hausa, inda hukumar tarihi da al'adu ta jihar Kano take. Na tuna sarewa, na tuna ƙarar abin da suke ɗaurawa a ƙafa, na tuna yadda ɗaya yake naɗe jikinsa kamar ba shi da ƙashi. Abin da ban tuna ba shi ne cewa a zaune nake a kujera lokacin da na gani. Ba mu da akayau, sai na sa aka tsinto marfin kwalaben lemo, muka huda su da ƙusa muka zira a zare. Ganga kuwa bokitin roba na mai shara, monita yana duka.

Rana ta farko na zana taurari biyu a allo, na yi bayani dalla-dalla. Rukuni ɗaya ya yi tsalle-tsallensa, na nuna wani yaro na ce, "Faɗi burinka."

Ya miƙe ya ƙame. "Malam, burina in zama sojan sama."

Na bayansa ya ce likita. Wani ya ce yana so ya kai babarsa Makka, aji ya ce amin. Sai da na ɓata rabin awa kafin su gane cewa burin na gyaran rawa ne. Da suka gane kuma, na gwammace kiɗa da karatu. Wani ya ce wa abokinsa, "Burina ka daina rawa kamar akuyar da aka ɗaure." Kafin in tsallake benci biyu an yaga aljihun riga. Na kafa doka: ba zagi, ba kwatanta mutum da dabba, kuma dole a fara da taurari.

Dokar ta yi aiki har ta ba ni tsoro. A mako na biyu kowa yana samun taurari masu nauyi, har wani ɗan lukuti da ba ya ɗaga ƙafa aka ce masa ya fi kowa tsalle. Na fara tunanin rubuta rahoto in aika wa masu bita. Ranar Laraba da aka fita tara na leƙo ta taga, na ga layi a gindin darbejiya. Ashe kasuwa ta buɗe. Tauraro ɗaya awara biyu. Wanda yake so a sassauta masa buri sai ya ƙara da alewa. Monita ne dillali, har da littafin bashi, kuma in faɗi gaskiya lissafinsa babu kuskure ko ɗaya, abin da bai taɓa yi mini a jarrabawa ba.

Na rushe kasuwa, na yi faɗa, na ce rawar tasu ma ba ta yi ba. Nan ne wata yarinya da ke zama a bencin gaba ta ɗaga hannu. "Malam, to ka gwada mana mu gani."

Da ina da wayo da na ce lokaci ya ƙure. Amma ido sittin da wani abu yana kaina, ga girma. Na tuɓe takalmi, na ɗaura marafan lemo a ƙafa, na ce monita ya buga. Taku uku na farko lafiya lau, har na ji wani ƙarfi yana shigata. Sai na tuna juyin nan da ɗan Koroso yake yi ya durƙusa ya miƙe a bugu ɗaya. Na juya, na durƙusa. Miƙewar ce ba ta zo ba. Gwiwata ta dama ta yi ƙara irin ta busasshen kara, zaren ya tsinke, marafai suka watse har ƙofar aji, inda hedimasta yake tsaye ban san tun yaushe ba.

Shiru. Ko tari babu. Yaran nan suna da tarbiyya, ba a yi wa babba dariya, sai kumatu kawai da suka kumbura.

Hedimasta ya shigo a hankali ya ce, "To, yara, a ba Malam taurarinsa."

Yarinyar bencin gaba ta miƙe, ta rusuna. "Tauraro na ɗaya, hular Malam ba ta faɗi ba. Tauraro na biyu..." Ta duba sama, ta duba ƙasa, ta duba ƙawayenta. Wata ta raɗa mata. "Tauraro na biyu, safarsa sabuwa ce."

"Buri fa?"

"Allah ya ba Malam lafiya."

Aji gaba ɗaya ya amsa da amin, har da hedimasta, wanda ya fi kowa ɗaga murya.

Ranar 27 ga Mayu ina zaune da gwiwa a naɗe, na sha man zafi. Hedimasta ya nemo wani tsohon ɗan wasa a unguwa ya gyara mazan cikin kwana biyar, suka yi rawa aka yi ta tafi, aka kuma yi mini godiya a lasifika.

Na ɗauka an gama. Ranar Litinin ina cikin rubuta jadawalin sau bakwai aka ce ina da baƙuwa. Wata uwa ce, ta sha mayafi, tana riƙe da kunnen monita.

"Sannu Malam. Kai ne mai taurari?"

Na ce ni ne, Hajiya.

"Jiya na tuƙa tuwo, yaron nan ya cinye malmala biyu, ya suɗe hannu, ya dube ni a gaban babansa da kishiyata ya ce tuwon ya yi laushi, miyar ta yi zafi, amma burinsa in rage gishiri." Ta saki kunnen ta gyara mayafi. "Ni ban zo maka da tauraro ko ɗaya ba, Malam. Buri ne da ni, kuma ka samu kujera ka zauna, don yana da tsawo."